Mama Nuna-Mini, Wadda Ta Hana “Da Sauƙi” Kwana a Ɗakin Jinya

Kafin masu shara su gama ɗaura kallabi, ita ta riga ta iso. Ba ta bin babbar ƙofa. Takan zagaya ta baya, ta wajen igiyoyin da ake shanya zannuwan gado, domin a cewarta asibiti kamar gidan mutane yake, wanda ya tsaya a falo bai ga komai ba. Ta taɓa zannuwan ta ji ko sun bushe. Ta ƙwanƙwasa tankin ruwa da bayan yatsa, ta karkata kunne ta ji amsar da zai ba ta. Ta tsaya gaban tukwanen iskar numfashi ta duba su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi ƙasa ta ja ta gefe da kanta. Ta leƙa ɗakin ajiyar magani, ta gano abin da zai ƙare tun bai ƙare ba. Sai bayan duk wannan take shiga ɗakin jinya, hannu biyu a baya, tana bi gado-gado kamar manomi a gonarsa bayan an kwana ana ruwa.

Asibitin ba wani babba ba ne. Ɗakin maza, ɗakin mata, ɗakin haihuwa, ɗakin tiyata guda, sai likita ɗaya, wanda in an yi sa'a akan turo masa na biyu ya yi 'yan watanni ya gudu. A takarda, muƙaminta shugabar ma'aikatan jinya. A gabanta Metiron ake ce mata. A bayan idonta kuwa, tun daga mai gadi har likita, Mama Nuna-Mini ce. Ta sani sarai, ba ta dai taɓa nuna ta sani ba. Makon jiya ta ajiye aiki, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Na san yadda aka saba rubuta irin wannan yabo. A ce wance mai haƙuri ce, ba ta taɓa ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ni da na tsufa ina kallon shugabanni, duk wanda na ji an ce bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, na san bai taɓa gyara komai ba. An ce haƙuri maganin zaman duniya. Ban musa ba, amma har yau ban ga ranar da haƙuri ya tsayar da jini ba. Wannan mata ta ɓata wa mutane rai, manya da ƙanana, kuma a kan kalma biyu kacal ta yi yaƙinta.

Abin ya faro ne daga wata tsohuwa da aka kwantar da zazzaɓin taifot. Nas ɗin da ke kula da ita sabuwar fitowa ce daga makaranta, siririya, mai magana kamar tana tsoron tayar da jariri daga barci. 'Yar Sanyi ake ce mata. Duk sanda ta zo gadon sai ta rusuna ta ce, “Iya, ya jiki?” Tsohuwa ta ce, “Da sauƙi, 'yar nan.” In an zo miƙa aiki ga masu karɓa, 'Yar Sanyi ta ce, “Iya ta bakin taga, da sauƙi.” Kowa ya gyaɗa kai a wuce. Ashe hanjin Iya ya riga ya huje. Ba a farga ba sai da cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, aka kwashe ta a guje zuwa babban asibiti. Ta sha da ƙyar, bayan doguwar jinya. Da aka tambaye ta daga baya me ya hana ta faɗa, sai ta riƙe haɓa ta ce, “To me zan ce? Yarinya ta durƙusa ta gaishe ni, in ce mata babu sauƙi? Ai sai ka ce ba na gode wa Allah.”

Babban ɗan Iya mutum ne mai murya, kuma ƙafarsa ta san hanyar ofisoshi. Ya rantse sai an kori nas ɗin. Sakataren asibiti, wanda ba abin da ya tsana kamar hayaniya a bakin ƙofarsa, ya tara kwamiti. Ranar kuwa haƙori ya saka shi gaba, kumatunsa na hagu ya haye kamar ya ɓoye ƙwai a ciki.

“Metiron, maganar ba ta da tsawo,” ya ce yana dafe da kunci. “Yarinyar nan ta yi sake, a sallame ta kowa ya huta.”

Metiron ta dube shi da tausayi. “Yallaɓai, kafin mu shiga magana, ya haƙorin?”

“Da sauƙi.”

Ta zuba wa kumatun ido kawai. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya yi tari don kada dariya ta ƙwace masa. Sakatare ya sauke hannunsa a hankali, ya sake mayarwa.

“To ka gani, Yallaɓai. Kai da karatunka da kujerarka ka ce da sauƙi, balle tsohuwa mai kunya. Yarinya ta yi sake, ban ce ba ta yi ba, kuma za ta ji daga bakina. Amma mu nawa ne muka tsaya wajen miƙa aiki muka ji ta ce da sauƙi, muka gyaɗa kai? Har da ni. In an kore ta yau, gobe a kawo wata, ita ma ta tambaya yadda muke tambaya, a amsa mata yadda ake amsa mana. Ramin na nan, akuyar kawai aka canza.”

Sakatare ba mugu ba ne, tsoro ne da shi. Ya ce, “Ta zauna. Amma a wuyanki. In aka sake samun irin wannan daga hannunta, ba ita kaɗai za ta fita ta ƙofar nan ba.”

“Na ɗauka,” in ji Metiron.

Abin da ta ɗauka ba ƙarami ba ne. Ta riga ta fara furfura a aikin, sunanta ya kai inda ƙafarta ba ta kai ba. Ta ɗauki wannan suna ta ɗora a hannun yarinyar da ko sirinji ba ta gama sabawa da shi ba. Ita kanta 'Yar Sanyi ta san haka. Washegari ta shiga ofis, idanu sun kumbura.

“Mama, ki bar ni in tafi da kaina, kada in ja miki.”

“Ke kika ɗauke ni aiki da za ki ji tsoron a kore ni? Zauna.” Yarinyar ta zauna a bakin kujera. “Kin taɓa cikin Iya da hannunki?”

“A'a, Mama.”

“Laifinki ke nan, ki riƙe shi da kyau, kada ki yar, kada kuma ki ƙara masa wanda ba naki ba. Je ki wanke fuska, mutumin gadon ƙarshe na jiran allura.”

Mama, ke ce wadda kika san bambancin tsawatarwa da tozartawa. Kin yi wa yarinya faɗa a bayan ƙofa, kin tsaya mata a gaban kwamiti, alhali da yawa daga cikin shugabanninmu akasin haka suke yi. Ruwan zafi mai gasa ciwo, ana kuka da ke ana warkewa.

A taron miƙa aiki na gaba ta kafa doka. Ba ta hana majinyata cewa da sauƙi ba, wa ya isa? Ta ce a gaishe su yadda aka saba, su amsa yadda suka saba. “Da sauƙi gaisuwa ce, ba labari ba ce,” ta ce. “In kun gama gaisawa, sai aiki ya fara. Ki ce masa, nuna mini inda yake maka ciwo. Baki na da kunya, hannu ba shi da ita. Inda ya nuna, ki taɓa. Ki dubi idonsa, ki riƙe tafin hannunsa, ki auna abin aunawa. Duk wadda ta sake kawo mini da sauƙi a wurin nan, da ƙafarta za ta koma gadon ta samo mini labari.”

Ba kowa ya ji daɗi ba. Akwai Sista Doguwa, wadda ta fi kowa daɗewa in ka cire Metiron, hannunta a ɗakin tiyata kamar an yi don shi, bakinta kuma kamar reza. Ta ce, yadda kowa zai ji, “Ikon Allah! Mu da muka tsufa muna kwasar kashi da fitsari, yau za a koya mana gaisuwa. Gobe kuma sai a koya mana tafiya.”

Wata shugabar da ta kai ta ƙara, ko ta jibge ta a aikin da ba ta so. Metiron ta kira ta gefe ta ce, “Doguwa, yaran nan tsorona suke ji, ba sa koyo a hannuna. Ke kuwa suna son labarinki. Ki karɓi koyar da su, ni na gaza.” Doguwa ta san wayo aka yi mata, ta kuma faɗa cikinsa da ƙafa biyu. Ba a jima ba ta fi mai dokar zafi. Sai ka ji muryarta daga ƙarshen baranda, “Da sauƙi a gidan uban wa? Koma ki taɓa shi!”

Sauran yaƙin da likita ne. Metiron ta lura ƙananan nas kan ga abu, su je ƙofar likita su tsaya suna murza yatsu, su yi sallama, su tambayi gajiya, su tambayi iyali, kafin su kai ga maganar mai ciwo ya yi nisa. Ta same shi yana shan shayi a tsaye, ta ce, “Likita, ina son kalma ɗaya a wurinka. In nas ta shigo ta ce maka taso, komai ƙanƙantarta, ba gaisuwa ba ranka ya daɗe, ka taso. In ta taso da kai a banza, ni za ka zo wa, kada ka taɓa ta.”

Ya yi dariya ya ce, “Metiron, so kike ki mayar da ni yaron gidanku.”

“Da kai da mu duk yaran mai ciwo ne.”

Ya amince, kuma ya cika alkawari, Allah Ya saka masa. An taso da shi a banza ba sau ɗaya ba, bai taɓa harara ba. Matsalar ita ce kalmar ta ƙi fita daga bakin 'Yar Sanyi. Metiron ta riƙa kai ta ɗakin ajiyar kaya, ta tsayar da sandar rataya ƙarin ruwa a gabanta, ta yafa wa sandar farar riga, ta ce, “Ga likita nan, kira shi.” Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce, “Don Allah, Likita, in ba damuwa...” Metiron ta ce, “Ya mutu. Mai ciwon ya mutu kina don Allah. Sake.” Masu shara suna wucewa suna ƙunshe dariya, suna cewa Mama ta fara sa mutane hira da ƙarfe.

Masu rubuta littattafan horaswa sukan jera halayen da ake so ga shugabar ma'aikatan jinya, su ce iya magana, iya tsari, iya sasanci, iya renon na ƙasa. Kalmomi masu kyau, ba su da nauyi a baki. Ni dai na ga yadda suke in sun sauko ƙasa. Na ga mace tana raba ranakun aiki ta sa kanta a ranar da kowa ke gudu. Na ga ta san wace nas ce ke shayarwa, wace ce mijinta ba shi da lafiya, wace ce ba a haɗa ta aiki da wance don sun taɓa samun saɓani a kan almakashi. Na ga ta zauna a ƙofar ofishin masu raba magani kamar mai zaman makoki, ta ƙi tashi sai an ba ta abin da ta zo nema. Kuma a duk tsawon wannan lokaci maganar Sakatare na rataye a wuyanta, ba wanda ya sauke ta.

Ranar da abin ya zo, ba ta ma nan. An kira ta taro a birni tun da safe, ta bar ɗakin maza a hannun 'Yar Sanyi. Doguwa ta ce mata, “Metiron, kin tabbata?” Ta ce, “In ban bar mata yau ba, yaushe zan bar mata?” Ta shiga mota ta tafi.

A ɗakin akwai wani mai walda, ƙato, baƙi, damtsensa kamar turmi. Jiya ya faɗo daga kan rufin da yake wa aiki, ya karye a hannun dama. An ɗaure hannun, likita ya duba shi da safe bai ga abin damuwa ba, ana maganar sallamarsa. Da hantsi 'yan dubiya suka cika gadon, matarsa, ƙannensa, abokan sana'arsa, sai kuma mahaifin matar, dattijo mai farin gemu da sanda, wanda tun farko bai so auren 'yarsa da mai walda ba, sai daga baya ya sauko. Matar ce ta ba ni wannan labari, Doguwa ma ta ba ni, kuma bakinsu bai saɓa ba sai a wuri ɗaya: kowace ta ce ita ta fara lura.

'Yar Sanyi ta zo da abin awon jini. “Sannu, Malam, ya jiki?”

“Da sauƙi, Sista. Da sauƙi ƙwarai.” Ya saci kallon surukinsa, ya gyara zama, har da murmushi.

Dattijo ya ce, “Ai namiji ne. Ƙarfe yake lanƙwasawa, ɗan wannan faɗuwa me za ta yi masa?”

Mai walda ya ƙara buɗe ƙirji. Amma 'Yar Sanyi ta ga gumi na tsattsafowa a goshinsa alhali fanka na kansa. Ta ga leɓensa ya yi fari. Ta ga robar ruwan da ke gefensa ta ƙare, yana laluben wata. Ta riƙe tafin hannunsa mai lafiya, ta ji shi sanyi kamar an tsamo daga randa, jijiyar kuma na gudu sirit kamar zare.

“Malam, nuna mini inda yake maka ciwo.”

“Ba inda yake mini ciwo, Sista.” Bakin ke nan. Hannun kuwa ya riga ya tashi da kansa, ya dafe kafaɗar hagu, ya sauka ƙarƙashin haƙarƙari, sannan ya gudu ya ɓuya cikin zane. Hannun dama ne ya karye. Me ya kai ciwo hagu?

Ta san muddin dattijon nan na zaune, ko yanka mutumin nan ake yi ba zai ce wayyo ba. Ta juya.

“Baba, ku ba ni wuri. Kowa ya fita.”

“Ni?” Dattijo ya dubi jama'a. “'Yar nan, kin san ko ni wane ne a wurinsa?”

“Na sani, Baba. Shi ya sa kai za ka fara fita.”

Wani cikin abokan ya ce, “Kai, wannan Sista ba ta da ta ido.” Dattijo ya miƙe yana huci, ya buga sandarsa a ƙasa, ya fita, sauran suka bi shi. Ta ja labule. Ta ɗora hannu a cikin mai walda ta danna kaɗan. Ƙaton nan ya saki wata ƙara da aka ji har wajen masu sayar da kati.

“Tun yaushe?”

“Tun asuba, Sista. Wallahi kamar ana hura mini wuta. Kada ki gaya wa Baba.”

Awon jini ya nuna ya yi ƙasa ƙwarai. Ta kwantar da shi, ta ɗaga ƙafafunsa, ta sa masa ƙarin ruwa ta buɗe shi duka, ta ƙwala wa Doguwa kira. Sannan ta fita da gudu, ta ratsa layin masu jiran ganin likita, ta tura ƙofa ba sallama. Likita na tsakiyar sauraron ƙirjin wani tsoho.

“Taso, Likita. Mai walda, jini na zuba a cikinsa, ina zaton saifa ce.”

Masu layi sun ce muryar ta daki bango ta dawo. Likita bai tambayi komai ba, ya ajiye abin da ke hannunsa ya bi ta. Ya taɓa cikin sau ɗaya ya ce, “Tiyata, yanzu.” Saifar ce kuwa. Ta tsage tun faɗuwar, ta yi ta yoyo a ɓoye, sai yau ta ɓalle. Kai shi birni ba zai yiwu ba, a hanya zai cika.

A nan ne zagayen safiyar Metiron ya biya. Tukunyar iska a cike, kayan tiyata a dafe a naɗe, injin wuta da mai, ruwa a tanki. Doguwa ta wanke hannu ta shiga. Saura jini. 'Yar Sanyi ta fito baranda, ta tarar da mutanen da ta kora sun yi cirko-cirko.

“Masu ƙarfe, ina ƙarfin naku? Jini nake so. Ku biyo ni a gwada ku.”

Suka bi ta kamar tumaki. Dattijo ya riga kowa naɗe hannun riga. Mai gwajin jini ya ce, “Baba, kai ka wuce shekarun bayarwa.” Ya ce, “Kai ka haife ni da ka san shekaruna? Ɗiba!” Da ƙyar aka lallashe shi, aka ce aikinsa addu'a da tsare layi. Ya tsare shi kuwa da sanda, wani ƙanin mai walda da ya so sulalewa don tsoron allura sai da ya ji ta a ƙwauri.

Da la'asar motar Metiron ta shigo. Tun daga ƙofa ta hango maza zaune a gindin bishiya, kowa da auduga a gwiwar hannu, mata sun haɗa kai, ga Sakatare tsaye a baranda yana jiran ta. Ta sauko a hankali. Ta daɗe a aikin nan, ta san irin taron da ake yi in an yi rashi.

“Wane ɗaki?” ta ce.

“Na maza.”

Ta dafa motar. Duk shekarun nan, ga inda za su ƙare. Ta gyara tsayuwa ta ce, “To, Yallaɓai, na ji. Alkawari ne, ba sai ka faɗa ba. Ina yarinyar?”

“Wane alkawari? Metiron, mutumin na nan da ransa, ya ma farfaɗo yana neman matarsa! Likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da sai dai wani ba shi ba.” Sakatare na magana yana dariya kamar shi ya yi tiyatar. “Yarinyar taki fa ta kori dattijo, ta tsinka layi, ta yi wa likita tsawa, ta tatsi jinin rabin unguwa. Ni kaina da na leƙo sai da ta ce in matsa.”

Dattijon ya taso da sandarsa. “Ke ce babbarsu? To ina da ƙara. Wannan 'yar taki ta kore ni kamar kaza a gaban surukina.” Sai ya sassauta murya. “Allah Ya yi mata albarka. Allah Ya ba ta masu yi mata biyayya. Da ta ji kunyata, da yanzu 'yata na takaba.”

Metiron ta shiga ɗakin maza. 'Yar Sanyi na gefen gadon tana duba ƙarin jini, hularta ta karkace, rigarta duk ta ɓaci. Da ta ga Metiron sai tsohuwar muryar ta dawo, “Mama, na yi wa Baba rashin kunya.”

“Na ji. Kin ci abinci?”

“A'a.”

“Je ki ci. Zan riƙe miki.”

Ta riƙe mata har ta dawo. Daga nan ta shiga ɗakin ajiyar zannuwa ta rufe ƙofa. Doguwa ta ce ta kasa kunne ta ji wani sauti, amma har gobe ba ta san ko kuka ne ko dariya ba.

Sakatare bai sake tayar da maganar wuya ba. Shekaru suka tura. Da lokacin ritayar Metiron ya matso, kwamiti ya zauna kan wadda za ta gaje ta. Bisa daɗewa kujerar ta Doguwa ce, kuma an saba cewa na gaba shi ne gaba. Doguwa ta miƙe da tsawonta ta ce, “Ni bakina ya fi ƙarfin ofis, kwana kaɗan zan yi ku kore ni. Ku bar ni da almakashina. Ku ba yarinyar, ni na koyar da ita.” Metiron ta dubi silin, ta bar mata wannan. Yau 'Yar Sanyi ce shugabar ma'aikatan jinya a asibitin da aka taɓa tara kwamiti don a kore ta.

Mama, ke ce kika ga shugaba a cikin yarinyar da kowa ya ga asara. Ke ce kika gane cewa ladabin da muke taƙama da shi, in ya shiga ɗakin jinya ba a tace ba, kisa yake yi. Ba ki ce mu daina kunya ba, kin dai nuna mana inda ake ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmi. Mutane nawa ke yawo a kasuwa yau, suna ciniki suna faɗa da maƙwabta, ba su san da hannunki a cikin numfashinsu ba?

Maigidan Mama ya ba ni labarin safiyarta ta farko a gida. Ta tashi yadda ta saba, ta yi wanka, ta zauna a bakin gado da wayarta a cinya. Rana ta fito, wayar shiru. Hantsi ya yi, shiru. Ya leƙo ya ce, “Metiron, yau ba a taso da ke ba?” Ta harare shi. Can ta kira autarta ta ce, “Ke, buga mini wayar nan, ina jin ta lalace.” Auta ta buga, waya ta yi ƙara lafiya lau. Maigidan ya ce ta daɗe tana kallon ta, sannan ta fashe da dariya har da hawaye, ta jefa ta cikin durowa, ta ja zane ta kwanta. Rabon da ya ga tana barci rana na sama, ya ce, tun suna amare.

Ku da ke riƙe da mutane, ko a asibiti, ko a makaranta, ko a shago, ga abin koyi. In na ƙasa da ku ya yi tuntuɓe, ku duba hanyar da kuka shimfiɗa masa kafin ku duba ƙafarsa. Ku tsaya masa da sunanku, ku koya masa har ya iya, sannan ku yi ƙarfin halin matsawa gefe. Wanda duk ya bar wuri aka yi ta kiransa, bai gama aikinsa ba.

Mun gode, Mama. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin gajiyar hutunki. Ki sha barcinki, asibiti na tsaye.